Ramuka shida ba su isa hujja ba: kafin ka sa wa tsohuwar Hilux sabon wili

Wani maƙwabcinmu a Kumasi yana da tsohuwar Hilux mai shan dizal, irin mai injin 3L. Ita ke kai kayansa Techiman da Tamale, ita ke ɗauko buhunan masara, ranar biki kuma ita ke kwashe mata da yara. Kwanaki babban ɗansa ya shiga Suame Magazine ya ci karo da wilin alminiyam guda huɗu na sabuwar Hilux, inci 17, har da tayoyinsu. Ya ƙirga ramukan noti, shida. Na tsohuwar ma shida. Ya biya, aka ɗaura. Da yamma ya ce, "Baba, zo ka ga motarka ta koma yarinya." Uban ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Karya kan mu ji." Ana karya sitiyari ƙarshe sai ga ƙarar gugar roba.

Yaron bai yi kuskure a kan ramukan ba. Hilux mai jan ƙafa huɗu, tsoho da sabo, ramuka shida ne a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Shi ya sa masu sayarwa ke cewa "duk ɗaya ne, zai shiga". Zai shiga kam. Shiga dai ba zama ba ne.

Abin da ya cije shi shi ne inda wilin ke zama. Kowane wili yana da ma'aunin yadda fuskarsa ta kusanci waje ko ciki, ana buga lambar a bayansa, galibi da haruffan ET. Na sababbin Hilux yawanci 30 ne, wato tayar tana nutsewa ciki sosai. Tsoffin motocin ba a yi su da wannan zurfin ba. Idan ka haɗa da taya mai faɗin 265 a inda aka saba da 205, sai gefenta ya riƙa taɓa sipirin ko ƙarfen sitiyari. A gareji ƙara kawai za ka ji. Da buhu ashirin a baya, a kan hanyar Kintampo, gefen tayar ne ke cinyewa a hankali, kuma gefen taya ba ya ɗaukar faci.

Maganin da bakanike zai fara kawo maka shi ne faifan ƙarfe da ake sakawa tsakanin wili da ƙafa don a turo tayar waje. Akwai mai kyau, wanda ake ɗaure shi da nasa notin. Amma siririn nan da ake zura wa kusoshin kawai, ni dai ba zan ɗora iyalina a kansa ba, domin yana cinye tsawon kusa. Kusar Hilux kaurinta milimita 12 ne, zarenta kuma 1.5, don haka noti yana bukatar ya juya aƙalla sau takwas kafin ya ɗaure. Tsaya a wurin ka ƙirga da idonka. In ya tsaya a biyar, a sauke.

Su ma notin ba ɗaya ba ne. Wilin ƙarfe yana amfani da noti mai tsinin baki, na alminiyam na Toyota kuwa mai shimfiɗaɗɗen baki da wasa. Mai sayarwa ba kasafai yake haɗa maka da su ba, sai yaran gareji su mayar da tsoffin. Nan take za su yi kamar sun kama, bayan kwana biyu sun saki.

Sai ramin tsakiya. Na Toyota milimita 106 ne. Na Ford Ranger 93, na D-Max 100, na L200 na baya-bayan nan 67, duk kuwa da cewa ramukan notinsu sun dace. Waɗannan ba za su hau kan ƙafar Hilux ba sai an kai wa mai injin yanka ya fafe su, kuma wilin da aka fafe ba ka san ƙarfin da ya rage masa ba. Navara D40 ma kada a ɓata lokaci, shida ne amma da'irarsa 114.3.

Ko komai ya zauna daidai, akwai kuɗin da za ka riƙa biya a ɓoye. Taya 205R16 tsayinta kusan milimita 735 ne, 265/65R17 kuwa kusan 776. Bambancin ya kusa kashi 6 cikin ɗari. Maleji zai nuna 80 alhali kana kusan 85, ka kuwa san ɗan sandan hanya ba ruwansa da wannan bayani. Injin 3L ba shi da tobo, dama can da lallashi yake hawan tudu. Yanzu za ka riƙa sauko da giya da wuri, kuloci ya sha wuya, birki ya ƙara nisa. Safaya kuma fa? Huɗu aka sayo, ta biyar tana nan a tsohon girmanta. Mai jan ƙafa huɗu ba ta son tayoyi masu tsayi daban-daban.

A duba shekarun tayoyin gwanjon ma. A gefensu akwai lamba huɗu a ƙarshen layin DOT: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Zanen yana iya zama sabo fil, robar kuwa ta bushe.

Maƙwabcin namu bai yi wa ɗansa faɗa a gaban mutane ba. Washegari suka koma Magazine tare, da asarar 'yan sidi suka musanya wilin da na ƙarfe inci 16 guda biyar, aka sa musu taya mai harafin C, irin ta ɗaukar kaya. Bakaniken ya ce, "Alhaji, in kun yi kamar kilomita 50 ku tsaya a sake ɗaure notin." A Offinso suka tsaya, yaron ne ya fito da sufana.