Idan Albashi Ya Tsaya: Yadda Rashin Aiki Ke Gwada Aure A Abuja

A ranar 23 ga Oktoban 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sallami ministoci biyar. Sunayensu ne suka cika labarai, amma bayan kowane minista akwai mataimaka na musamman da masu ba da shawara, waɗanda aikinsu ke ƙarewa ranar da ubangidansu ya bar kujera. Haka abin yake ga hadiman ɗan majalisar da ya sha kaye a zaɓe. Da yawansu magidanta ne, kuma a gida ake fara jin raɗaɗin.

Ko masu albashin ma ba su tsira ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota daga Mararaba, Kubwa ko Suleja zuwa Sakatariyar Tarayya ya yi tashin gwauron zabi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000 a Yulin 2024, sai dai hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuɗin haya kuwa na shekara guda ake biya a dunƙule.

Masana zamantakewa Rand Conger da Glen Elder, waɗanda suka bibiyi iyalan karkara a jihar Iowa ta Amurka bayan durƙushewar noma a shekarun 1980, sun gano hanyar da talauci ke bi ya shiga tsakanin miji da mata. Matsin kuɗi kan haifar da damuwa, damuwa ta haifar da saurin fushi, daga nan zaman ya yi tsami. Ma'auratan da ke tallafar juna kuwa sun fi jure matsin.

A nan addini ke da tasiri. Musulunci ya ɗora ciyarwa, tufatarwa da muhalli a wuyan miji, har mazhabar Malikiyya ta ba mace damar neman rabuwa a gaban alƙali idan ya kasa. Wannan nauyi ne ke sa wani magidancin ya ɓoye takardar sallama, yana fita kullum da safe yana cin bashi. Amma addinin ya auna ciyarwa da gwargwadon ƙarfin mutum, ya kuma yi wa matar da ta taimaki mijinta da dukiyarta albishir da lada biyu, kamar yadda ya zo a labarin Zainab, matar Abdullahi bn Mas'ud. A coci ma, alkawarin aure ya ƙunshi zama tare a samu da rashi.

Imani yana amfanar aure idan ya kai ma'aurata ga faɗa wa juna gaskiya. Yana cutarwa idan “a yi haƙuri” ta zama hanyar toshe bakin matar da ke tambayar kuɗin makarantar yara.

Akwai kuma matakin da doka ta tanada. Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho. Yadda za a kashe kuɗin, ko a haya ko a jari, shawara ce da ta fi ƙarko idan mata ta san da ita tun farko.