Stari Most: Gadar da Yaƙi Ya Rushe, Aka Sake Tayar da Ita

Duk baƙon da ya shiga tsohon garin Mostar a ƙasar Bosniya, ba sai ya tambayi hanya ba. Ya bi lungun kasuwar maƙeran tagulla kawai, zai kai shi bakin Stari Most, wato “tsohuwar gada” a harshen mutanen wurin. Mota ba ta hawanta, da ƙafa ake bi.

Sarkin Daular Usmaniyya, Sulaiman, shi ya ba da umarnin gina ta, aka kammala a 1566 a hannun Hairuddin, almajirin shahararren maginin nan Sinan. Farin dutse ne aka lanƙwasa kamar baka a kan Kogin Neretva, tsawonta kusan mita 30, faɗinta mita 4. Sunan garin ma daga masu gadin gadar ya samo asali.

Shekara 427 ta yi a tsaye. Ranar 9 ga Nuwamba, 1993, ana tsakiyar yaƙin Bosniya, dakarun ɓangaren Kuroshiyawa suka yi mata luguden wuta har ta rufta cikin kogi. Bayan yaƙi, UNESCO da Bankin Duniya da ƙasashe irin su Turkiyya suka haɗa hannu, aka sassaƙo irin dutsenta na asali daga kusa da garin, aka bi dabarun magina na da. An buɗe ta ranar 23 ga Yuli, 2004, a 2005 kuma ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya.

In za ka hau da iyali, ka kula: gadar na da tudu, dutsen kuma akwai santsi. Ka taka layukan dutse da aka jera a kanta, ka riƙe hannun yaro. A tsakiyarta za ka tarar da samarin garin suna tara kuɗi daga ’yan kallo, in ya cika ɗayansu ya diro fiye da mita 20 cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara. Mai son ganin gadar gaba ɗaya, sai ya hau hasumiyar Masallacin Koski Mehmed Pasha.

Sai dai tayar da dutse ya fi tayar da amana sauƙi. Har yau yawancin Musulmi ’yan Bosniya na gabashin gari, Kuroshiyawa Kiristoci na yamma, yara da yawa kuma manhajar karatunsu daban. Saɓanin siyasa ya sa daga 2008 ba a sake zaɓen majalisar garin ba sai 2020.

Kusa da gadar akwai wani dutse da aka rubuta wa kada a manta da 1993. In yaro ya tambaye ka abin da ya faru a shekarar, ka ba shi labarin rushewar, ka haɗa masa da na ginawar.