Yadda Mutanen Japan Ke Buga Hoton Ƙanƙara da Katako

Mutumin Gwandu ko na Kalgo ya san yadda hazo ke rufe gari da hunturu, har mutum ya kasa tsinkayar soron da ke gabansa. To, a ƙasar Japan ba hazo ke sauka ba, ƙanƙara ce mai laushi kamar auduga, wadda kan kwanta bisa rufin ɗakunan ibadarsu. Mutanen kuwa sun gwaninta da buga surarta a takarda.

Aikin ba na mutum guda ba ne. Mai zane ya zana, sai masassaƙi ya manna zanen a kife bisa allon katako, ya yi ta ƙwaƙule itacen, ya bar layukan kaɗai a tsaye. Zanen farko nan yake ƙarewa, don wuƙa ta cinye shi. Kowane launi da allonsa. Sa'an nan mai bugu ya shafa launi, ya aza takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai. Akwai 'yar alama da a kan sara a gefen kowane allo, don takarda ta zauna wuri guda; in ta goce ko da kaɗan, ja ya hau kan fari, aiki ya ɓaci.

Abin mamaki, galibi ba su shafa wa ƙanƙarar farin launi. Farin takardar ne kurum, watau wurin da masassaƙi ya ƙwaƙule don kada launi ya taɓa. A ganina nan gwanintar ta ke, gama shafa launi ya fi sauƙi bisa ga sanin inda za a bari.

Wani mai zane, Hiroshige, ya fitar da hoton ɗakin ibada na Asakusa a 1856, lokacin ana kiran birnin Tokyo Edo. Ga babbar fitila ja tana reto a ƙofa, ga itatuwa fari fat, ga mutane da laimominsu. Kawase Hasui kuma ya yi na Zojoji a 1925: mace guda ta karkata laima tana wucewa gaban jar ƙofa, iska na kora ƙanƙara. Ƙofar Zojoji tana nan har yau. Amma ƙofar da Hiroshige ya tsaya a cikinta gobara ta ci ta a 1865, hasumiyar da ya hango kuwa ta ƙone a yaƙin 1945. Waɗanda ke wurin yanzu daga baya aka sāke gina su.