Kabon-daisalfaid: Ruwa Mai Cin Wuta da Darasinsa Ga Manoman Malikanci

Arzikin ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan a gona yake: raken Maƙarfi, tumatir da tattasai da albasa na fadamun Hunkuyi da Ikara, sai masara da dawa da wake da ake jibgewa a rumbu da sito bayan kaka. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne yadda sinadarai suka kutsa cikin kowane mataki na wannan noma, tun daga feshin ciyawa kafin shuka har zuwa maganin da ake zuba wa buhu don gudun ƙwari. Manomin Malikanci da ke wannan yanki a yau ma'aikacin sinadari ne, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa wannan aiki. Shi ya sa nake ganin ya dace mu san tarihin wani ruwan narkarwa na masana'antu mai suna kabon-daisalfaid, domin ya nuna abu guda ƙarara: sinadari ba ya zama alheri sai ilimin riƙe shi ya riga shi isa hannun mai aiki. Inda sinadarin ya riga ilimin zuwa, jikin talaka ne ke biyan bashin.

Wani masanin sinadarai Bajamushe, Wilhelm Lampadius, shi ya fara samo wannan ruwa a 1796, yayin da yake gasa gawayi tare da wani dutse mai ɗauke da farar wuta. A yau daga iskar gas da farar wuta ake haɗa shi. Ruwa ne garau idan tsantsa ne, amma na masana'antu yakan yi ɗorawa-ɗorawa, da wari mai tayar da zuciya. Yana narkar da mai da kitse da kakin zuma da ɗanyen roba da ita kanta farar wutar. Hatsarinsa yana cikin alƙaluma huɗu. Yana tafasa a digiri 46, zafin da ganga ke iya kaiwa idan ta wuni a rana cikin bazarar Afrilu. Tururinsa yana kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Yana kunna kansa ba tare da ashana ba a wajen digiri 90, wato bai ma kai zafin tafasasshen ruwa ba, don haka salansar babur ko ƙwan fitila mai zafi sun isa su tayar da gobara, alhali fetur sai ya haura digiri 200 kafin ya yi haka. Sannan cakuɗuwarsa da iska tana iya fashewa tun daga kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari har zuwa kashi 50, fetur kuwa bai kai kashi 8 ba. Ƙari a kan haka, tururin ya ninka iska nauyi fiye da sau biyu da rabi, sai ya kwanta a ƙasa ya bi kwata ya je ya tarar da murhu can nesa.

Mai karatu zai ce to me ya hana a yi watsi da abu mai wannan hali? Amfaninsa ne. Tun a 1846 Alexander Parkes ya yi amfani da shi a Ingila wajen ƙarfafa roba ba tare da wuta ba. A 1892 wasu masana uku, Cross da Bevan da Beadle, suka gano yadda za a narkar da ɓargon itace da shi a mayar da shi zare. Wannan shi ne asalin yadin bisko mai santsi kamar siliki, wanda ake samu a cikin mayafai da dogayen riguna da ke cike a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Garin Zariya, kuma har gobe wannan masana'anta ce ke lashe mafi yawan kabon-daisalfaid ɗin da duniya ke yi. Da shi ake haɗa sinadaran da masu haƙar ma'adinai ke ware tagulla da dalma daga dutse, da waɗanda ake sa wa tayar mota, da kuma dangin magungunan feshi irin su mankozeb. Manoman inabi na Faransa ma sun riƙa ɗura shi cikin ƙasa a shekarun 1870 don kashe ƙwarin da ke cinye saiwar itatuwansu.

Sai dai tun da wuri aka ga abin da yake yi wa mutane. A 1856 likita Auguste Delpech ya bayyana halin da ma'aikatan ƙananan masana'antun roba na birnin Faris suka shiga: ciwon kai, rashin barci, mutuwar ƙafafu da hannuwa, raunin mazakuta, da taɓin hankali. An ruwaito cewa wata masana'anta a Ingila sai da ta sa ƙarafa a tagoginta don kada ma'aikatan da suka zauce su faɗo. Tururin yana shiga ta huhu, ruwan kuma ta fata, su wuce kai tsaye zuwa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A 1968 wani bincike na Tiller da Schilling da Morris ya nuna cewa ma'aikatan bisko na Birtaniya da suka daɗe suna shaƙarsa sun fi sauran mutane mutuwa da ciwon zuciya, binciken da aka yi a Finlan kuma ya tabbatar da hakan. A Koriya ta Kudu, kamfanin Wonjin Rayon ya rufe a 1993 bayan ɗaruruwan ma'aikatansa sun kamu da gubar. Abin lura shi ne shekaru masu yawa sun shige tsakanin gargaɗin Delpech da tsaurara doka. Ilimin yana nan tuntuni. Waɗanda ke shaƙar tururin ne bai kai gare su ba.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne cewa babu masana'antar bisko a Ikara ko Maƙarfi, kuma ba a kasa wannan ruwa a kasuwannin ƙauye. Haka ne, amma alaƙar ta fi yadda ake zato kusa. Littattafan kimiyya na sakandare suna ambatonsa wajen narkar da farar wuta, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da tsohuwar kwalbarsa a ɗakin gwaji. Mankozeb da ake fesa wa tumatir daga gare shi aka samo shi, har ma idan masana za su auna ragowar maganin a jikin kayan lambu, kabon-daisalfaid ɗin da ya fito suke aunawa. Tarayyar Turai kuwa ta janye amincewarta da mankozeb a ƙarshen 2020. Mafi muhimmanci, tun tsakiyar ƙarni na 19 wannan ruwa yake cikin manyan magungunan turara hatsi a duniya, sai gobara da guba suka sa aka fitar da shi daga rumbuna. Amurka ta daina a tsakiyar shekarun 1980. Mu kuwa gurbin da ya bari muka cike da wasu masu irin halinsa. Ƙwayar Phostoxin tana fitar da iskar guba mai kama wuta da zarar ta ji danshi, ba ta da makari, amma ana jefa ta cikin buhunan da ke jingine a ɗakin da yara ke kwana. Fiya-fiya da Sniper ana yayyafa su kan waken da za a ci. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, hukumar NAFDAC kuma ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwanni a 2019.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: manomin da ƙwari za su mayar wa wake gari kafin damina ba shi da sararin zaɓe, kuma ai fetur ma ana zaune da shi. Ban raina wannan magana ba, domin asarar hatsi yunwa ce. Amma darasin kabon-daisalfaid bai ce a bar ƙwari su ci ba. Cewa ya yi a bi mataki-mataki: inda akwai madadi a sauya, inda babu a killace, kayan kariya kuma su zo daga ƙarshe. A ajiyar wake da masara madadin yana nan. Buhun PICS mai hawa uku, wanda masanan Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da ɗigon magani ba, kuma ana iya sake amfani da shi muddin bai huje ba. Ganga ko jarka mai murfi gam ita ma haka take yi. Ya fi buhun gama-gari tsada, amma bai kai kuɗin gadon asibiti ba. Batun fetur kuwa hujja ce a kanmu, domin mun sha ganin yadda jama'a ke rugawa da bokiti idan tanka ta faɗi; a Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka rasu ta haka.

Ga wanda aikinsa ya haɗa shi da kabon-daisalfaid, ƙa'idojin ba su da sarƙaƙiya. Tun da ya fi ruwa nauyi kuma ba ya cakuɗuwa da shi, masana'antu kan ajiye shi ƙarƙashin ruwa ko iskar naitirojin, a inuwa, nesa da duk wani abu mai zafi. Ana haɗa ganguna da waya zuwa ƙasa kafin a juye shi, saboda tartsatsin da gogayya ke haifarwa, abin da ke ƙaruwa a busasshiyar iskar hunturu. Mafitar iska a ƙasa-ƙasa ake yin ta, tun da can tururin ke taruwa. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, safar hannu ta roba ta yau da kullum kuma ratsa ta yake yi. Tarayyar Turai ta ƙayyade kashi 5 cikin miliyan a iskar wurin aiki na awa takwas, wasu masana a Amurka ma kashi 1 suka ce. Wanda ya shaƙa a fitar da shi sarari a garzaya da shi asibiti. Wanda ya zubar wa jiki ya tuɓe tufafin ya wanke da ruwa da sabulu. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada kuma a tsaya ɗura masa manja ko madara. Ba a zuba shi a kwata ko masai. Lambarsa a jikin motar dako ita ce 1131, kuma duk tankar da ta kife a hanyar Zariya zuwa Kano, ko mene ne a cikinta, nesa da ita ake gudu, ana fuskantar inda iska ke tahowa.

Wannan yanki bai rasa masana ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken noma ta Samaru da hukumar NAERLS mai wayar da kan manoma, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ga kwalejin kimiyyar lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi da ta daɗe tana yaye ma'aikatan duba-gari. Abin da ya rage shi ne iliminsu ya sauka kasuwa da Hausa da ajami. Ya kamata ƙananan hukumomin nan uku su yi wa masu sayar da maganin gona rajista tare da horo, su hana ɗura magani a gorar lemo marar suna, su sa a binciki ɗakunan gwaji na makarantu a kwashe tsofaffin kwalabe. Duk kamfanin da zai kafa masana'anta a yankin kuma, hakimai da dagatai su tambaye shi sinadaran da zai shigo da su tun kafin a ba shi fili. Kai kuma maigida, kafin kakar bana ta shigo, ka raba ɗakin kwana da ɗakin hatsi, kuma kada ka sayi maganin da mai sayarwa ya kasa faɗa maka sunansa da hatsarinsa.