Wasiƙun Sojojin Yaƙin Basasar Amurka: Abin da Suka Faɗa da Yadda Suka Tsira

Yaƙin basasar da aka gwabza a Amurka daga watan Afrilu na 1861 zuwa watan Afrilu na 1865, tsakanin jihohin Arewa da suka tsaya kan haɗin kan ƙasa da jihohin Kudu goma sha ɗaya da suka ɓalle domin kare bautar bayi, ya haɗa sojoji kimanin miliyan uku, kuma ya ci rayukan aƙalla 620,000 daga cikinsu. Abin da ya bambanta shi da yaƙe-yaƙen da suka gabace shi a wurin masana tarihi shi ne yawan rubutun da ƙananan sojoji suka bari, domin kimanin tara cikin goma na fararen sojojin Arewa, da fiye da takwas cikin goma na sojojin Kudu, sun iya karatu da rubutu. Ƙari a kan haka, hukumomin soja na ɓangarorin biyu ba su kafa tsarin tace wasiƙun da soja ke aika wa iyalinsa ba, saɓanin abin da aka yi a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, saboda haka kurtu yana iya zagin janar ɗinsa, ko ya bayyana inda rundunarsu ta dosa, ba tare da wani hafsa ya soke layi ɗaya ba.

Isar wasiƙa gida ta dogara ne da ɓangaren da mai ita yake. A Arewa, kan sarki na wasiƙa mara nauyi senti uku ne, wato kashi uku cikin ɗari na dala, kuma tun a shekarar farko ta yaƙin majalisa ta yarje wa soja ya aika ba tare da kan sarki ba, muddin an rubuta a jikin ambulan cewa wasiƙar soja ce kuma wani hafsa ya sa hannu, sai mai karɓa ya biya. A Kudu kuwa, gidan wayar da John H. Reagan ya shugabanta ya fara da senti biyar a watan Yuni na 1861, ya ninka kuɗin zuwa goma bayan shekara guda, kuma da ƙawanyar da jiragen ruwan Arewa suka yi wa gaɓar teku ta tsananta, sai takarda ta yi wuya har mutane suka koma yanka takardar adon bango suna haɗa ambulan, ko su juya tsohon ambulan ciki ya koma waje, ko su cika shafi da rubutu sannan su karkata shi su sake rubutu a gicciye. Wasiƙun da aka tace su ne kawai masu tsallaka fagen daga ƙarƙashin farar tuta, galibi na fursunonin yaƙi, waɗanda dole a bar su a buɗe kuma kada su wuce shafi guda.

Wanda ya buɗe irin waɗannan wasiƙu yana neman labarin jarumtaka zai fi cin karo da ƙorafin abinci, da laka, da ƙwarƙwata, da jinkirin albashi, da umarnin da miji ke bai wa matarsa kan lokacin shuka ko sayar da alfadari ko biyan bashin maƙwabci. Cuta ta fi harsashi yawa a cikinsu, kuma hakan ya dace da gaskiyar lamarin, tunda kusan biyu cikin uku na mamatan yaƙin atuni da zawo da taifot da ƙyanda da ciwon huhu ne suka kashe su. Amma a tsakanin waɗannan ƙananan al'amura ne masana suka tsinci amsar babbar tambaya, wato dalilin da ya sa mutum zai ci gaba da yaƙi bayan ya ga abin da ake yi a fagen fama. Bell Irvin Wiley ya buɗe wannan fage da littattafansa biyu na 1943 da 1952 kan rayuwar ƙaramin soja na Kudu da na Arewa, sannan James McPherson, a littafinsa na 1997, ya nazarci wasiƙu kimanin 25,000 da kundayen tarihin yau da kullum 249 na sojoji 1,076, inda ya kafa hujjar cewa da yawansu sun san abin da suke yaƙi dominsa, kuma aƙida da tsoron abin kunya a idon abokan sansani sun riƙe su fiye da tsoron horon soja.

Sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi ne idan an san wa ake rera wa. Soja yana rubuta wa mahaifiyarsa abin da zai kwantar mata da hankali, ya rubuta wa ƙaninsa abin da zai ɗaga darajarsa, kuma da wuya caca ko giya ko gudun da ya yi ranar artabu su shiga ko ɗaya daga cikin biyun. Wasiƙun ta'aziyya su ne suka fi nuna wannan matsala. Da yake babu ɓangaren da ke da tsarin sanar da iyali a hukumance cewa ɗansu ya rasu, kuma ba a raba wa sojoji alamar suna ta ratayawa ba, nauyin ya faɗa kan abokai da limaman coci na runduna da masu jinya, irin su mawaƙi Walt Whitman wanda ya riƙa rubuta wa majinyata wasiƙu a asibitocin Washinton. Drew Gilpin Faust ta nuna a nazarinta na 2008 cewa waɗannan wasiƙu sun bi kusan salo guda: mamacin ya san ajalinsa ya zo, ya miƙa wuya ga Ubangiji, ya ambaci mahaifiyarsa, kuma bai sha wahala ba. Maimaituwar wannan siffa a dubban wasiƙu ta fi bayyana abin da iyalai ke buƙatar ji fiye da yadda mutane suka mutu a zahiri. Waɗanda ko wannan ba su samu ba, su ne suka yi ta rubuta wa ofishin neman ɓatattun sojoji da Clara Barton ta buɗe a 1865, wanda ya karɓi wasiƙu fiye da 63,000 kafin rufe shi a 1868.

Matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko girma, ita ce ta abin da ya tsira. Wasiƙar da soja ya aika gida takan samu akwati da mai adana ta, amma wadda matarsa ta aika masa takan jiƙe a jaka, ko ta ɓace a tafiya, ko shi da kansa ya ƙone ta gudun kada ta faɗa hannun abokan gaba, don haka yawancin tarin takardun iyali da ke ɗakunan karatu na jami'o'i zance ne na baki ɗaya, muryar matar sai dai a hango ta daga amsar mijin. Haka kuma gidan da ke da wadata da mazauni na dindindin ya fi iya riƙe takardu har tsawon ƙarni, shi ya sa hafsoshi da 'yan sa-kai na farkon yaƙi suka yi wa taskar yawa, abin da McPherson da kansa ya amince da shi game da samfurinsa. Ko wasiƙar da ta fi kowace shahara, wadda Manjo Sullivan Ballou na jihar Rhode Island ya rubuta wa matarsa Sarah ranar 14 ga Yuli, 1861, mako guda kafin a yi masa raunin da ya yi ajalinsa a gumurzun Bull Run na farko, ba a taɓa saka ta a gidan waya ba, kuma kwafinta ne ya iso hannun masana. Shirin talabijin na Ken Burns na 1990 ne ya mayar da ita abin da kowa ya sani.

Takardun talakawa sun tsira ne ta wata hanya da ba wanda ya shirya ta domin tarihi. Dokar fansho ta Yuli 1862 ta ba matan mamata da marayu da iyaye mata da suka dogara da ɗansu haƙƙin karɓar kuɗi daga gwamnatin tarayya, amma sai an kawo shaida, kuma sau da yawa shaidar da uwa ke da ita cewa ɗanta ne ke ciyar da ita ita ce wasiƙar da ya ambaci dalolin da ya saka a ciki. Wasiƙun da aka miƙa sun zauna cikin fayil tare da takardun aure da na haihuwa, kuma suna nan a Taskar Adana Takardun Ƙasa da ke Washinton, cikinsu har da na baƙi 'yan Ailan da Jamus waɗanda zuriyarsu ba ta bar komai ba. Iyalan sojojin Kudu ba su shiga wannan tsari ba, sai ɗan abin da jihohinsu suka tanada daga baya.

Baƙaƙen fata kimanin 180,000 da suka shiga rundunar Arewa su ne suka fi ƙarancin takardu, tunda dokokin jihohin Kudu da dama sun haramta koyar da bawa karatu, kuma iyalan yawancinsu suna hannun iyayengiji inda wasiƙa ba ta isa. Abin da ya rage nasu ya fito ne daga jaridu irin su Christian Recorder, da koke-koken da suka aika wa hukuma, kamar wanda Kofur James Henry Gooding ya rubuta wa Shugaba Lincoln a 1863 kan biyansu dala goma, a cire uku na tufafi, alhali farin soja na karɓar goma sha uku. A watan Satumba na 1864, Spotswood Rice, wanda ya tsere daga bauta a jihar Missouri ya shiga soja, ya rubuta wa 'ya'yansa mata daga gadon asibiti yana yi musu alkawarin zuwa ya ƙwato su, ya kuma haɗa da wata zazzafar wasiƙa ga matar da ke riƙe da ɗaya daga cikinsu. Wasiƙun biyu suna nan a yau ne saboda ɗan'uwan matar, cikin fushi, ya tura su ga kwamandan sojan yankin yana neman a ɗauki mataki a kan Rice, sai magatakardun runduna suka saka su cikin fayil.