Shagon Tufafi: Yadda Ake Tsare Uwar Kuɗi

Duk wanda ya bi titunan Nima da Mamobi a Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, zai ga yadda shagunan tufafi suka yawaita. Akasarin masu su matanmu ne da 'yan matan da suka gama makaranta ko koyon ɗinki, kuma jarinsu kuɗin adashi ne ko gudummawar dangi. Sana'a ce mai rufin asiri. Sai dai da yawa daga cikin shagunan ba sa daɗewa, ko da kuwa ciniki yana tafiya. Abin da ke kashe su shi ne zaizayewar uwar kuɗi.

Zaizayewar tana farawa tun kafin a buɗe ƙofa. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba ɗaya, amma kowa ya san masu shaguna sukan nemi na shekara biyu. Idan aka haɗa da fenti, gilashi da fitilu, sai a tarar abin da ya rage bai isa a cika kanta ɗaya ba. Mai ƙaramin jari gara ta fara daga ɗakinta. Ta ɗauki hoton kaya ta tura ta WhatsApp, a biya ta ta MoMo, har sai ta tara masu saye da za su biyo ta shago. In lokacin ya yi, ta yi rajistar sunan kasuwancin, ta karɓi takardar izini daga Asambili. Lambar Ghana Card ita ce lambar haraji tun daga 2021.

Sai zaɓen kaya. Akwai atamfar Holan ta Vlisco, akwai GTP da ake bugawa a Tema, akwai kuma mai araha ta Sin da ta cika Makola da Kejetia. Ga shadda, leshi, abaya da mayafi. Ba a saro abin da ya burge mai shago, abin da aljihun unguwa zai iya ɗauka ake sarowa. Kuma kada wani ya yi gasar araha da 'yan gwanjon Kantamanto, ba zai ci ba. Ƙarfin ɗiyar Zango yana wajen sanin irin suturar da mutanenmu ke nema ranar Juma'a, ranar suna da ranar Salla. Maƙwabtanmu ma masu saye ne, domin tun 2004 gwamnati ta ƙarfafa wa ma'aikata sa tufafin gida kowace Juma'a.

Yanzu ga ɓarayi uku na uwar kuɗi. Na farko bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a Zango ya fi wuyar karɓa, saboda mai cin bashin ko dai gwaggo ce, ko matar wa, ko maƙwabciya. Ya fi muni lokacin ankon biki: a saro turmi 30, a raba, biki ya watse, rabin kuɗin yana hannun mutane. Maganinsa a karɓi rabin kuɗi kafin a je kasuwa, sauran kuma ranar ɗaukar kaya. A faɗa da fara'a, amma kada a sassauta wa kowa, domin in an ɗaga wa ɗaya sai an ɗaga wa goma.

Na biyu aljihun gida. Yau a zari kuɗin cefane, gobe na magani, jibi na gudummawa, babu wanda aka rubuta. Mai shago ta yanka wa kanta albashi a wata, ta tsaya a kansa. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa: abin da ya shigo a dama, abin da ya fita a hagu, a lissafa kowane dare.

Na uku faɗuwar Sidi. A farkon 2022 ana sayar da Dala ɗaya wajen Sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, tsadar kaya kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. A misali, wadda ta sari turmi a Sidi 200 ta sayar 250 tana ganin ta ci riba. Da ta koma kasuwa ta tarar ya zama 280, ashe ribar da wani sashe na uwar duk sun tafi. Saboda haka ana yanka farashi ne bisa abin da za a sake sarowa gobe.

Gobara ma abin tsoro ce. Ta ci wani sashe na Kejetia a Maris 2023, ta kuma cinye mafi yawan Kantamanto a Janairu 2025. Kada a tara kaya duka wuri ɗaya, kuma a tambayi kuɗin inshora tun wuri.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ciniki yana da damina da rani. Daga azumi zuwa Babbar Salla, da kuma lokacin Kirsimeti, kasuwa tana ci. Bayan nan sai ta kwanta, musamman in an koma makaranta iyaye suna fama da kuɗin littattafai. Ribar Salla ita za ta biya haya da wuta a waɗannan watanni, don haka a ware ta tun tana hannu. Mazaje da iyaye kuma su taimaka, su daina kallon shagon kamar asusun gida. Allah Ya sa albarka a nemanmu, amin.