Uwar Tururuwa Ce Ko Shinge? Ga Yadda Ake Gane Su

Jama'a, idan ruwan farko ya sauka a Gulma da sauran garuruwan ƙasar Argungu, ƙwari masu fukafukai sukan cika gari. Yara sukan kama su. Wasunsu iyayen tururuwa ne. Wasu kuma shinge ne, wato iyayen gara. Sanin bambancinsu yana da amfani, domin gara ce mai cin rumbu da zana.

In ka kama ɗaya, saka ta cikin kwalba ka duba abu uku.

1. Ƙugu. Uwar tururuwa tana da siririn ƙugu kamar na zanzaro. Shinge ba shi da wannan, jikinsa a miƙe yake.

2. Ƙahoni. Akwai siraran ƙahoni biyu a kansu. Na tururuwa a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu. Na shinge ba su da gwiwa.

3. Fukafukai. Kowannensu yana da huɗu. Na gaban tururuwa sun fi na baya tsawo. Na shinge duk tsawonsu ɗaya, kuma sun zarce jikinsa.

Bayan sun sauka ƙasa sukan zubar da fukafukai. A nan ma akwai alama. Uwar tururuwa ita kaɗai take tafiya neman wurin haƙa rami, namijin kuwa mutuwa yake yi. Shinge biyu-biyu suke tafiya, namiji yana bin mace. Su biyun nan ne tushen sabon gidan gara. Uwar gara ta cikin suri in ta girma takan yi ƙwai dubbai a rana ɗaya.

Dangin tururuwa suna da yawa. Masana sun ƙidaya fiye da iri 12,000 a duniya. Ga uku da muka sani. Tururuwa mai jidar hatsi, uwarta baƙa ce, babba, da ƙulli biyu a ƙugu. Uwar cinnaku ƙarama ce, ƙullinta ɗaya, kuma tana harbi, kada yaro ya riƙe ta a hannu. Uwar kwarkwasa ba ta da fukafukai ko kaɗan, namijin ne mai tashi ya zo wurin fitila.

To, me za a yi? In ka ga shinge biyu-biyu kusa da rumbu ko ɗaki, share su ka zuba wa kaji tun ba su shiga ƙasa ba. Ka ɗora rumbu a kan duwatsu. Ka kau da karan dawa da ruɓaɓɓen itace daga gindinsa. In ka ga hanyar gara ta laka ta hau bango, ka kankare ta, sannan ka nemi shawarar malamin gona.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.